Kasuwa Ta Yi Sanyi: A Sauya Banki Ko A Daure?



Kwanakin baya wani ɗan'uwa daga cikin matasanmu da ke aiki a Legas ya aiko mana da dogon saƙo da tsakar dare. Ya amince mu kawo maganar nan, in dai ba za mu faɗi sunansa ko na wurin aikinsa ba. Shekararsa uku ke nan a wani bankin zuba jari, a sashen da ke ba kamfanoni shawara idan za su sayi wani kamfani ko su haɗe da shi. Wata bakwai ke nan sashen nasu bai kammala ciniki ko ɗaya ba. Da can sai ƙarfe ɗayan dare yake barin ofis. Yanzu shida na yamma tana yi masa a hanyar gida, kuma wannan hutun ne ya hana shi barci. Ga wani banki yana zawarcinsa da ƙarin albashi. A wuyansa akwai ƙanne biyu a jami'a, da mahaifiya a gida, da kuɗin hayar Legas da ake biya na shekara guda a dunƙule, an kuma sa ranar aurensa. Ya rufe saƙon da cewa, "Baba Fasto, in tafi ne ko in zauna?"

Mun san yawancinmu ba a irin wannan banki muke aiki ba. Amma lauya, da injiniyan da ke bin kwangila, da mai dillancin filaye, da telan da ke jiran Disamba, duk sun san zafin zama shiru a wurin aiki. Shi ya sa muka ga ya dace mu amsa a fili. Ra'ayinmu shi ne, sanyin kasuwa shi kaɗai bai isa dalilin ajiye aiki ba. Akwai dalilan da suka isa, za mu zo kansu. Bari mu fara fahimtar sana'ar tukuna, domin ba a ba da shawara a kan abin da ba a sani ba.

Wane irin aiki ne wannan?

Bankin zuba jari ba shi ne wanda muke bin layi mu ajiye kuɗi ko mu cira ba. Abokan cinikinsa kamfanoni ne da gwamnatoci. Idan kamfani yana neman kuɗi, bankin ne zai shirya masa sayar da hannun jari ko takardun bashi ga masu kuɗi. Idan wani kamfani zai sayi wani, bankin ne zai ƙiyasta farashi, ya shiga tsakani, ya bi takardu har hukuma ta sa hannu. A taƙaice dai, dillali ne. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ko ta Mubi ya san dillali ba ya cin la'ada sai mai saniya ya ce ya sallama. Haka abin yake a can. Kaso mafi tsoka na ladan banki ba ya shigowa sai an kammala ciniki. Daga wannan la'adar ake biyan bonas na ƙarshen shekara, wanda ga manyan ma'aikata yakan zarce albashin kansa.

Saboda haka sana'ar tana da damina, tana da rani. A 2021 cinikin saye da haɗewar kamfanoni a duniya ya haura dala tiriliyan 5, abin da ba a taɓa gani ba. Bankuna suka yi ta rububin ɗaukar ma'aikata, suna ƙara wa ƙanana albashi don kada a ƙwace su. A Maris 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, daga kusan sifili har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Idan kuɗin ruwa ya hau, rancen sayen kamfani ya yi tsada, mai saye ya rage tayi, mai sayarwa kuwa ya kafe a kan farashin bara. Ba a daidaita ba, sai a ajiye maganar. A 2023 cinikin ya sauko zuwa wajen dala tiriliyan 3, mafi ƙanƙanta cikin shekara goma. A Janairun 2023 Goldman Sachs ya sallami ma'aikata kimanin 3,200.

Mu ma a gida mun ga irin wannan juyi. A Yuli 2004 Farfesa Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce dole kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, masu shirya haɗewa da sayar da hannun jari suka rasa lokacin cin abinci. Daga Maris 2008 kasuwar hannun jari ta Legas ta fara zubewa, a Agusta 2009 kuma Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka shiga dogon rani. Bayan an saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A irin wannan hali, baƙon da ke son sayen kamfani a Najeriya ba ya iya tsayar da farashi, domin kuɗin da aka yi magana a kai yau ba shi ne na wata uku masu zuwa ba. Sai ga shi a Maris 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jari: naira biliyan 500 ga bankunan da ke hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, da wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2026. Sassan da ke shirya sayar da hannun jari suka sake cika da aiki.

Darasin a fili yake. Ba shugaban sashenku ne ya kawo ranin nan ba, kuma ranin da ya busar da gonarku bai tsallake ta maƙwabci ba. Wanda ya tsallaka titi ya shiga wani banki a kan wannan dalilin kawai, zai tarar da kuɗin ruwa ɗaya, da dala ɗaya, da masu saye masu jan ƙafa iri ɗaya.

Abin da sauyi yake ci

Mai neman ɗaukarka aiki zai faɗa maka abin da za ka samu. Ba aikinsa ba ne ya lissafa maka abin da za ka rasa. Bari mu lissafa.

Na farko, za ka koma sabon zuwa. A inda kake, akwai wanda ya ga daren da ka kwana kana gyara lissafi, akwai wanda zai ɗaga murya saboda kai ranar da ake rubuta sunayen waɗanda za a sallama. A sabon wuri babu wanda ya san ka. Galibi kuma akwai lokacin gwaji na wata uku zuwa shida, wanda a cikinsa raba gari da kai ba shi da wuya. Idan ranin ya tsananta, wanda babu mai tsaya masa shi ne mafi sauƙin sallama.

Na biyu, cinikin da ya yi barci ba lallai ne ya mutu ba. A Fabrairu 2022 kamfanin Seplat ya sanar cewa zai sayi wani reshen ExxonMobil na Najeriya. Ba a kammala ba sai Disamba 2024, kusan shekara uku, saboda shari'a da jiran amincewar hukuma. Ku yi tunanin ƙaramin ma'aikacin da ya sha wahalar irin wannan ciniki a shekarar farko, ya gaji da shirun shekara ta biyu, ya tafi. Ranar da aka sa hannu, wani ne zai ce da shi aka ƙarasa. A wannan sana'a, jerin cinikin da aka kammala da kai shi ne jarinka. Wanda ya yi shuka da noma ya bar gona ana gab da girbi, ba shi da dami.

Na uku, lissafin kuɗin kansa. Wanda ya tafi kafin a raba bonas yakan bar na shekarar baki ɗaya, sabon wurin kuma yakan biya shi na watannin da ya yi ne kawai, in ma an biya. Ga manya, wani kaso na ladan akan jinkirta shi zuwa shekaru masu zuwa, kuma yakan salwanta idan mutum ya tafi, sai dai in sabon bankin ya yarda a rubuce zai maye masa. Ƙarin albashin da ya yi kyau a waya yana iya narkewa idan aka zauna da biro da takarda. Garin neman ƙiba akan samo rama.

Na huɗu, suna. Masu wannan sana'a a Legas ba su da yawa, yawancinsu tsakanin Victoria Island da Ikoyi suke, kuma sun san juna. Sauya wuri sau ɗaya ba laifi ba ne, kowa yana yi. Amma wanda tarihin aikinsa ya nuna duk ranin da aka yi sai ya tashi, wata rana za a tambaye shi dalili, kuma "kasuwa ta yi sanyi" ba amsa ba ce da za ta gamsar da wanda shi ma ya ga sanyin ya daure.

Gaskiyar da ke ɗaya ɓangaren

Ba za mu yi wa ɗan'uwanmu adalci ba idan muka tsaya nan. Mu mutane ne masu saurin cewa "yi haƙuri", kuma wani lokaci abin da muke kira haƙuri tsoro ne kawai ya sa rigar kirki.

Ƙaramin ma'aikaci a kan ciniki yake koyon aiki, ba a littafi ba. Wata bakwai na shiru ba komai ba ne. Shekara biyu na shiru kuwa asara ce ta gaske, domin sa'o'insa a wani wuri suna ƙara gogewa, shi yana ƙara shekaru kawai. Akwai kuma gidajen da ba rani ne ya kama su ba, rijiyarsu ce ta ƙafe. Lehman Brothers ya shekara fiye da 150 yana aiki, ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, ma'aikata suka fito da kayansu a kwali. Credit Suisse da aka kafa a 1856 ya ƙare a hannun UBS a Maris 2023, bayan shekaru ana ganin alamun ciwo. Waɗanda suka zauna a waɗannan wurare har ƙarshe, biyayyarsu ba ta hana rufin faɗo musu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, yaya za a bambanta rani da rijiyar da ta ƙafe? Ga tambayoyin da muke ba da shawara a yi, a kuma amsa su da gaskiya.

Shirun na kowa ne, ko naku ne kaɗai? Wannan ba ya bukatar duba ko zato. Ana buga sanarwar manyan cinikayya a jaridu, da sunayen bankunan da suka shirya su. Idan irin cinikin sashenku ya yi ƙaranci a ko'ina, rani ne. Idan wasu suna ta kammalawa, sunan gidanku ne kawai ba ya fitowa, matsalar ta cikin gida ce.

Manyan da ke kawo aiki suna nan, ko sun fara zamewa? Ciniki mutum yake bi, ba allon ƙofa ba. Idan biyu ko uku daga cikin waɗanda kamfanoni suka amince da su sun tafi a shekara guda, aikin ya bi su.

Ana biyan albashi a kan kari? Ana saka kuɗin fansho a asusunka kamar yadda doka ta ce? Jinkiri a nan babbar alama ce.

Me ya sa sabon wurin yake ɗaukar mutum alhali kasuwa ta yi sanyi? Ko sun samu aikin da ya fi ƙarfin hannunsu, ko kuwa gurbin wanda ya gudu ake cikewa? Ka tambaye su kai tsaye: cinikin nawa suka kammala a shekarar da ta wuce, nawa ne a hannu yanzu, kuma wanda ya riƙe kujerar kafin kai ina ya tafi? Ka nemi wanda ya taɓa aiki a can ka ji ta bakinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ta ƙarshe ta fi sauran nauyi. Shin yunwar la'ada ta fara sa ana matsa maka ka ƙawata alƙaluma, ko ka ɓoye wa mai saye abin da ya kamata ya sani? Rani yakan tona halin gida. Idan abin ya kai nan, ba maganar kasuwa ake yi ba kuma. Fara neman ƙofa, ko da albashin can bai kai na nan ba.

Shin alama ce daga Allah?

Ɗan'uwanmu ya yi wannan tambayar ma, kuma mun san da yawa a cikinmu haka za su yi. Mu yi hankali a nan. Kuɗin ruwan da ya hau a Amurka ya taɓa mai bi da marar bi, mai addu'a da wanda bai taɓa durƙusawa ba. Shiru a ofis ba hukunci ba ne a kanka, ba kuma aikin maƙiya ba ne. Haka nan, ba kowace ƙofa da ta buɗe ba ce aka ce ka shiga. Mun ga matasa sun ajiye aiki saboda wani ya ce ya gano musu wani abu, bayan wata shida suka dawo suna neman kuɗin mota. Yi addu'a, ƙwarai kuwa. Amma hankalin da za ka karanta takardar yarjejeniya da shi, shi ma baiwa ce, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da ita.

Idan ka zauna

Zama ba naɗe hannu ba ne. Manomin kirki da rani yake gyara rumbu, ya kai taki gona.

Ka nemi a ba da aronka ga sashen da ke da aiki. Ba dukan sassa ne ke yin sanyi lokaci ɗaya ba. Sa'ad da sayen kamfanoni ya tsaya, kamfanonin da bashi ya danne sukan nemi a sake musu tsarin biya, wasu kuma su nemi rance na gajeren lokaci. Wanda ya koyi wannan ɓangaren ya samu sana'ar da ke ci a lokacin da sauran ke kuka.

Ka rubuta jarrabawar da ka daɗe kana ɗagawa, ko CFA ce, ko ICAN, ko ACCA. Lokacin da kake kukan ya yi maka yawa yau, gobe za ka neme shi ka rasa.

Ka huta, kada ka ji kunya. A 2021 wasu ƙananan ma'aikata 13 na Goldman Sachs suka rubuta koke cewa suna aikin wajen awa 95 a mako, barci kuma ƙalilan. Damina a wannan sana'a cin jiki take yi. Idan yau kana isa gida da sauran haske, je ka gai da 'yan'uwa, zo zumunta ranar da ake yi, zauna da wadda za ka aura ku san juna da ido, ba ta waya kaɗai ba.

Sai maganar ajiya. Mun san labarin Yusufu a Masar, a Littafin Farawa. Shawararsa ga Fir'auna ita ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, saboda shekaru bakwai na yunwa da ke tafe. Duk mai cin la'ada ya kamata ya riƙe wannan lissafi. Ka gina rayuwarka a kan albashi, kada ka gina ta a kan bonas. Ka yi ƙoƙari ka tara abin da zai riƙe ka wata shida ba tare da albashi ba. Yawancin masu tsalle cikin firgita, ba sanyin kasuwa ne ya kore su ba, asusun da babu komai a ciki ne. Ka kuma faɗa wa na gida gaskiya cewa bana ba kamar bara ba ce. Mahaifiyar da ta san rani a gona za ta fahimci rani a ofis, in an yi mata bayani.

Idan ka tafi

Idan amsoshin tambayoyin nan sun nuna rijiyar ta ƙafe, tafi, kada ka ji wani laifi. Amma tafi ta ƙofar gaba. Kada ka ajiye aiki sai takardar ɗauka ta shigo hannunka da sa hannu, ka kuma karanta ta har ƙarshe. Ka cika kwanakin sanarwar da ka yi alkawari. Kada ka kwashi takardun abokan ciniki ko sirrinsu ka kai sabon wuri, amana ce, kuma doka tana hukunta hakan. Kada ka rubuta a CV cewa kai ka jagoranci cinikin da ka taya shirya wa takardu kawai. Ka yi sallama da kowa lafiya, har da shugaban da ya ba ka wuya, domin a wannan ƙaramar kasuwa wata rana za ku zauna a tebur ɗaya.

Abin da muka faɗa wa ɗan'uwanmu

Mun ce masa kada ya sa hannu a wannan watan, kada kuma ya rufe ƙofa da rashin ladabi. Ya koma wurin masu zawarcinsa da tambayoyin nan. Ya zauna da shugabansa ya tambaye shi, cikin girmamawa, abin da ke kan hanya da kuma ko za a ba da aronsa ga wani sashe. Ya buɗe wa wadda zai aura lissafin duka, domin ita ma rayuwarta ce ake magana a kai. Sa'an nan ya sa wa kansa rana, wata shida daga yanzu, ya rubuta abin da yake so ya gani kafin ranar. Idan ranar ta zo, sauran bankuna suna girbi, nasu gidan shiru, ya tashi da zuciya ɗaya. Idan kuwa ya ga hadari ya fara haɗuwa, zai gode da bai sayar da gonarsa da rani ba.

Bai riga ya yanke shawara ba, kuma ba mu ne za mu yanke masa ba. Ku sa shi cikin addu'a, tare da dukan 'yan'uwanmu da ke zaune a ofis ko a shago suna jiran wayar da ba ta shigowa. Wanda kuma ya taɓa ratsa irin wannan rani a wurin aikinsa, kada ya riƙe labarin shi kaɗai, ya nemi ƙanensa a zumunta ya faɗa masa yadda aka yi.

Ubangiji ya ba mu hikimar sanin lokacin zama da lokacin tashi, ya tsare mu daga gaggawa, ya kuma tsare mu daga tsoro. Amin.